Sun Ware wa Babana Kwano

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Daga Jiwa nake rubutowa, raina a ɓace.

Babana na fama da ciwon karkarwa, ni kaɗai ke jinyarsa. Ranar Juma'a muna ciyayya a ƙofar gida, hannunsa ya yi rawa, miya ta zube. Sai ƙaninsa ya janye akushi, ya ce, "A ware masa kwano, kar ya shafa mana." Tir! Ƙanin da Baba ya yi wa aure fa! Malamin asibiti ya ce ciwon ba ya yaɗuwa, amma babu wanda ya taɓa karɓar mini jinyar in leƙa gona.

Jama'a, ina masu jinya irina ke samun taimako? Ina gaida Hajara mai nono, wadda har yau take miƙa masa ludayinta.