Albashin da Na Ɓoye wa Malam Habu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu. Abin da zan faɗa yau abin kunya ne, ku yi haƙuri da ni.

Shekara huɗu ina ofishin ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin tsaro a unguwar Mu'aither, nan ƙasar Larabawa. Tallarmu ba ta taɓa nuna albashi ba, sai dai a rubuta "za a daidaita". Manaja ya nuna mini mafi ƙanƙanta da mafi yawan abin da za a iya biya. Duk wanda na ɗauka da arha, yabo nake sha. Yabon nan ya kama ni kamar yadda giya ke kama mashayi.

Wata rana Malam Habu, wani dattijo daga Zariya, ya zo neman aikin gadi. Da ya ji Hausa a bakina, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Madam, ke 'yar gida ce. Abin da kika yanka, shi ne." Na dubi idonsa na ce, "Baba, iyakar abin da kamfani ke biya ke nan." Ƙarya ce, 'yan'uwa! Ranar Juma'a kuma, ranar sujadarmu a ƙasar nan, na zo cocin nan na ɗaga hannu ina yabon Ubangiji.

Bara uwar kamfaninmu, da ke ƙasar da doka ta tilasta rubuta albashi a talla, ta ce mu ma mu bi. Talla ta fita da albashin da ya fi wanda na yanka masa. Malam Habu ya gan ta a wayar abokinsa a Asian Town, unguwar ma'aikata 'yan ci-rani.

Bai yi faɗa ba. Ya tsaya a ƙofar ofishina ya ce, "Madam, na faɗa wa iyalina na haɗu da Kirista mai tsoron Allah. Yanzu me zan ce musu?"

Da ma zagina ya yi! Na kulle ƙofa, na durƙusa ina kuka: "Yesu, na zubar da sunanka don a ce mini madalla. Ka cece ni daga wannan harshe."

Ya ba ni ƙarfin zuciya. Na je na faɗa wa manaja komai. An gyara albashin Malam Habu da na sauran da na cuta, ni kuma ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Da na roƙi gafararsa, ya ce, "Khalas, ya wuce, 'yata. Allah ya yafe mana duka."

Har yau in zan shiga ƙofar kamfani kaina a sunkuye yake, Malam Habu ke fara gaishe ni. Amma ƙarya ta sake ni. Na gode wa Ubangiji! Ku dogara gare shi, ku faɗi gaskiya ko da za ta ci muku wani abu. Amin.