Na Rantse Ba Zan Ƙara Taka Sheme Ba

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Istifanus, kun san ni da wannan muryar da ba ta san raɗa ba. To yau za ku ji inda na koyo ihu.

Ni giya ba ta kama ni ba, caca ba ta kama ni ba. Dambe ne ya kama ni. Kuma ban taɓa ɗaure hannu na shiga fage ba, kallo kawai!

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, ina masinja a Ƙanƙara, na sayi babur. Da kaka ta yi sai na ɓace. Duk inda aka ce Jan Dutse, ɗan dambenmu, zai yi wasa, ina can, ko Daudawa ne ko Sabuwa. Ko ranar Lahadi ce, ina jin kalangu na manta da sujada.

Ƙanwata Laraba tana aure a Sheme, mijinta Barnaba mutumin kirki ne. Ranar da Maituru, ɗan damben Sheme, ya buge Jan Dutse ya faɗi, Barnaba ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Yaya, yau sai haƙuri." Iyakar laifinsa ke nan. Na ɗauke shi da mari a gaban jama'a, na rantse ƙafata ba za ta ƙara taka Sheme ba.

Laraba ta haihu, aka aiko, na ƙi zuwa suna. Innarmu ta yi kuka ta ce, "A kan ƙartin da ba su san ka ba za ka yar da jininka?" Na ce ba ta san dambe ba. Shekara biyu cur, 'yan'uwa!

Wata ranar kasuwa a Daudawa, na hango Jan Dutse zaune a gindin tsamiya. Kun san da wa? Da Maituru! Ƙwaryar fura ɗaya, ludayi ɗaya, suna ta shewa. Na ƙarasa wurinsu, na ce, "Jan Dutse, da wannan kake shan fura? Ni saboda kai na rabu da ƙanwata!"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, daga ina?"

Wayyo! Kunya ta rufe ni. Na tura babur bayan kasuwa, na durƙusa cikin karan dawa, na ce, "Yesu, na yi wauta. Ka cire mini wannan zafin, ka ba ni ƙarfin zuwa Sheme." Ban iya doguwar addu'a ba, amma ya ji. Na tashi ƙirjina sakayau.

Ban koma gida ba, na wuce Sheme kai tsaye. Na iske Barnaba yana sussukar dawa, na faɗi gabansa. Ya ɗaga ni ya ce, "Yaya, ai tun ranar na yafe. Kai muke jira."

Laraba ta fito da yaro a hannu. Yaron ya gan ni ya fashe da kuka, bai san ni ba. Na ce, "Yaya sunansa?" Ta share hawaye ta ce, "Istifanus. Babansa ne ya zaɓa."

Mutumin da na mara, wata uku bayan marin, ya sa wa ɗansa na fari sunana. Ni kuwa ina can ina yi wa wani ƙato kirari.

Har yau ina kallon dambe, ina ihu kuma, amma in an tashi na bar shi a fage. Godiya ta tabbata ga Yesu da ya mayar mini da dangina! Ɗan'uwa, in akwai wanda ka daina gaisarwa saboda wasa, ka dogara ga Ubangiji, ka je yau. Ni na yi shekara biyu ina fushi da mutanen da ke kiran sunana kullum a tsakar gidansu. Amin.