Rabin Kai a Shagon Aski

"Na ce ka ƙarasa min askin nan, ba lacca na zo ji ba."

Ina kan benci a shagon aski ina jiran layi. An ɗauke wuta, mutumin da ke kan kujera kuwa rabin kansa kawai aka aske.

"Yallaɓai, ba laifina ba ne, duniyar ce ba ta ci gaba ba," in ji mai askin. "Masana sun raba ci gaba zuwa mataki uku, gwargwadon wutar da halitta ke iya sarrafawa. Na farko sun mallaki duk ƙarfin duniyarsu. Na biyu sun kama rana sukutum sun ja mata waya. Na uku kuwa taurari suke kunnawa kamar ƙwan lantarki."

"Mu fa?"

"Ko na farkon ba mu kai ba."

"Kai dai ɗauko almakashi da reza."

"Na kyautar da su. Kayan mutanen da ne."

"Janareta fa?"

"Yana wurin gyara."

Mutumin ya duba agogo, ya shafa ɓangaren da ke da gashi.

"Malam, ƙarfe goma za a yi min intabiyu. Shekara uku ina jiran ranar nan."

"A ina?"

"Kamfanin wutar lantarki."

Mai askin ya ajiye injin askin, ya kwance masa ƙyallen wuya, ya kakkaɓe.

"To tafi a haka, yallaɓai, su ga aikinsu da idonsu. Ko akwai takardar da za ta fi kan nan naka yi musu bayani?"