Ranar da Motata ta Tsallake Gada

Salamu alaikum, Malam mai karanta mana wasiƙu, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Ni ne Sule Direba daga Yankara.

Bara na sayi tsohuwar mota don kai auduga Funtuwa. Da na ce zan tafi Katsina biyan kuɗin lasin hanya, yayana Malam Garba ya bushe da dariya, ya ce, "Ba ka biya harajin kai wurin mai gari ba? Mota kai gare ta?"

Na dai tafi. Akawu ya ce wancan na mutum ne, wannan na gyaran hanyar da mota ke takawa. Ya ba ni 'yar takarda, na liƙa a gilashi.

Ranar rufe awon auduga, 'yan sanda suka tare gada, ga amfanin gonar mutanen unguwarmu duk a motata. Motocin da ba su biya lasin ba na jere a gefe, direbobi na ta roƙo. Saje ya dubi gilashina, ya ce, "Wuce!" Malam Garba na bisa kaya, ya dinga kabbara har Funtuwa. Muka sami awo, kowa ya koma gida yana fara'a.

Ina gaida direbobin Ƙanƙara da Sabuwa. 'Yan'uwa, ku biya tun da girmanku!