Kogon Dodanni da Mutum Uku

A bencin tashar mota, wata mata ta leƙa kwalin wasan da wani tela ya ɗora a cinya.

"Malam, na yaƙin jiragen sararin samaniya ne? Mijina na kogon dodanni yake so."

"Wasan ragwaye! Da shi muka fara, ni da ƙannena uku. Ka kashe dodo, a raba ganima da wanda bai tsinana komai ba. Wannan kuwa, kana harbo jirgin mutum ya bar tebur."

"Wa ke ci?"

"Ni mana. Shekara shida ba a kayar da ni ba."

"Wurinsu za ka?"

Tela ya gyara zama.

"Sun koma wasan kogon, su uku. A bakin suruka na ji."