Jemage Bai Yi Sakaci Ba

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban hukumar kamfani, Yallaɓai babban manaja, shugabannin sassa, kowa da girman kujerarsa, Inna mahaifiyar marigayi, maiɗakinsa, 'ya'yansa, abokan aiki. Na jero ku yadda aka jero mini. Da ni na tsara, da Inna zan fara, domin kamfani ya riga ya sa tallar gurbinsa, ita kuwa ba ta da inda za ta sa.

An zaɓe ni saboda ni ke kula da ɗakin karatu. An ɗauka mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ce wa jama'a su rage murya ba zai ɗaga tasa ba. Allah ya ba ku haƙuri.

Ya kasance injiniyan ɗakunanmu na taron bidiyo. Muna ce masa Jemage, yana amsawa. Ga dalili. Kowane ɗakin taro yana fitar da wani siririn sauti irin wanda jemage ke ji, kunnen mutum ba ya kamawa, sai kwamfuta ko waya. Da ka shiga, kwamfutarka ta ji, ta gane ɗakin da take, ta haɗu da allon bango, abin da ke gabanka ya bayyana ga kowa. Ba igiya, ba lambar sirri. Shi ke zaɓen lasifikar da za ta fitar da wannan sautin.

Ya kasance mai taurin kai. In na ce yana da sauƙin hali, maiɗakinsa za ta ƙaryata ni a gabanku. Dillalai su zo da lasifika, su saki kiɗa har tagogi na rawa, shi kuwa ya ce, "Malam, kashe kiɗan nan, ba rawa na zo yi ba. Kunna mini abin da ba na ji." Wata lasifikar ga murya mai kauri, amma ba ta iya hawa can sama. Wata ta hau, sai ta riƙa wani tsinin fito da ke sa matasan ma'aikata ciwon kai, mu tsofaffi muna zaune lafiya muna cewa raki ne. Duk ya mayar.

Ya kasance shi kaɗai ke gwada ɗaki daga waje. Ya rufe ƙofa, ya fito, ya manna wayarsa a ƙofar, ya bi bango da ita, ya shiga ɗakin maƙwabta, ya durƙusa, ya hau kujera. Muna tsokanarsa, "Jemage, laɓe kake wa manya?" Sai ya ce, "Ku lasifikar da ake ji kuke so. Ni wadda ta san inda za ta yi shiru nake nema." In wayarsa ta kama sautin a waje, ranar lasifikar nan ta sauka.

Da aka zo gyaran wannan bene na sama, ya kawo 'yan ƙananan lasifikunsa, kowace kamar kofin shayi. Yallaɓai manaja ya dube su ya ce, "Waɗannan 'yan gwangwanayen a ɗakin manya? Baƙi za su ce ba mu da hali." Ina wurin, kuma da yawanku kuna wurin. Jemage ya ce, "Ranka ya daɗe, manyan nan da kuke so a silin watsa sauti suke ko'ina, bangon nan kuma katako ne, bai kai rufi ba. Ranar da ɗakin nan ya yi kira, maƙwabci zai amsa." Aka yi dariya, aka ce Jemage ya fara wa'azi.

Sai ciwo ya kwantar da shi a asibiti. Yana kwance aka ɗaura waɗannan. Ku ɗaga kai ku gani. Wallahi kyawawa ne.

Kun san abin da ya biyo baya. Manya suna ganawa a ƙaramin ɗakin da ke bayan bangon nan. Ma'aikatan sashen gyare-gyare suna nan, a kujerun da kuke, ana ba su horo. Kwamfutar sakataren manya ta ji kiran wannan ɗakin, ta amsa, kamar yadda aka ƙera ta ta yi. Sai ga shirin rufe sashen gyare-gyare a kan allon nan, da manyan baƙaƙe, a gaban masu sashen.

Dole a sami mai laifi, kuma mai laifi mafi sauƙi shi ne wanda ke kwance da ƙarin ruwa a hannu. Aka sanar da duk ma'aikata an dakatar da shi saboda sakaci. Sakaci! Mutumin da gwiwar wandonsa ta koɗe don durƙuso a bayan ƙofofinku!

Da aka sallame shi, ya zo da wayarsa. Maigadi ya ce, "Yallaɓai, wallahi ba yin kaina ba ne, an ce katinka ba ya aiki." Ya ce, "Ba ciki zan shiga ba, ɗan'uwa. Bayan ƙofa kawai nake so." Ba a bar shi ba. Kwamitin bincike ya ɗage zama, ya sake ɗagewa, har Wanda ba ya ɗage zama ya kira shi.

Ban ce sanarwarku ta kashe shi ba. Likitoci sun faɗi sunan ciwonsa. Amma ya tafi da kalmar nan a wuyansa, kuma ba a binne ta tare da shi ba. Babbar 'yarsa tana gab da kammala karatun injiniya, sana'ar nan kuwa ƙarama ce, kowa ya san kowa. Ranar gaisuwa ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, kar ka lallashe ni. Da gaske Baba ya yi sakaci?"

Yau kuma na ga an manna farantin tagulla a ƙofa, an raɗa wa ɗakin sunansa. Na karanta tarihi gwargwado. Tsohuwar dabara ce, a hana mutum shiga yana raye, in ya mutu a rataye sunansa a ƙofar. Amma ban taɓa karanta inda aka ba mamaci kyautar ɗakin da aka yi masa ƙazafi da shi ba.

'Yata, ga amsarki. Dubi hoton babanki da ke kan allon nan tun da muka zauna. Ba daga ɗakin nan yake zuwa ba. Kwamfutata ce, na bar ta a ƙaramin ɗaki, na rufe ƙofa. Ta ji kira ta bango, ta amsa. Babanki yana kabari, ɗakin yana nan yana yin abin da ya ce zai yi. A benayen ƙasa kuwa, inda 'yan gwangwanayensa suke, ɗakuna bango da bango, ba a taɓa ji ba. Inna, ɗanki bai yi sakaci ba. Maiɗakinsa, ki ɗaga kanki.

Amma ni mai jera littattafai ne, ba ni na yi sanarwar ba, ba ni zan janye ta ba. Mu ba tagulla muke nema ba. Magana ɗaya ce, daga bakin da ya faɗi ta farko, a gaban 'ya'yansa, yau.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo, da 'yan sashen gyare-gyare da suka zo ba a gayyace su ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa taurin kansa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya ba Inna haƙuri, ya tsaya wa iyalinsa. Mu kuma ya ba mu kunnen jin gaskiya, ko da siririya ce.

Ranka ya daɗe, Yallaɓai manaja, ga makirufo, ban kashe ba. Kar ka damu da ɗaga murya. Lasifikunka ne, har maƙwabta za su ji.