Jar motar Iliya da hanyar Tebaram

Salamu alaikum ɗana mai karanta wasiƙu, ina gajiya? Kaka Ta-Allah ce daga Tawa. Ƙarar mijina na kawo, wato jikana Iliya.

Bara ya tashi sayen ƙaramar mota, anka nuna mishi biyu. Ɗaya fara ce, mummuna, amma ba ta gajiya. Ɗayar ja ce mai gudu, cikinta dab da ƙasa. Na ce: "Maigida, ɗauki mummunar, haka kakanka ya yi da ni, bai yi nadama ba." Ya yi dariya, wai jar ta fi daɗin tuƙi. Bisa kwalta kaɗai ya gwada ta.

Da damina anka kira, yayata na kwance a Tebaram tana nemana. Munka kama hanya, motar ta zauna cikin rairayin ƙorama, ta ƙi tashi. A amalanken jaki na ƙarasa, na iske maza sun dawo daga maƙabarta.

Yanzu ƙanena kaɗai ya rage mini, can Barmu, shi ma ba lafiya. Masu sauraro, ƙaƙa zan yi yaron nan ya canza motar?

Iliya, na san kana jina, rediyonta ne kaɗai bai taɓa lalacewa ba. Kada ka sa in makara sau biyu.